Hukuncin da Na Yanke wa Yaron Cikin Littafi

Ni dillalin dabbobi ne, kuma ba gadon sana'ar na yi ba. Mahaifina manomi ne a wani ƙauye arewa da Babura, abin da yake nomawa ba ya kai mu bazara. Lokacin da aka samu mulkin kai ina da mata da ɗa ɗaya, ina kora wa fatake shanu a ƙafa daga bakin iyaka zuwa kara, kasuwar dabbobi. A nan na koyi duba haƙoran sa, na koyi gane dabbar da aka cika wa ciki da ruwa da kanwa don ta yi kyan gani, na koyi yadda ake riƙe hannun mai saye da na mai sayarwa har sai ɗaya ya ce ya sallama. Kafin shekarun da kuɗin fetur suka shigo ƙasar nan, na zama mutumin da ake aiko wa daga Kazaure a tambayi yadda kasuwa ta tashi.

Ina da ƙa'ida guda da nake alfahari da ita. Ban taɓa yin ƙarya a kan dabba ba. In mai saye ya tambaye ni ko saniyar nan tana tari, zan ce masa tana yi. In bai tambaya ba, ai idonsa biyu ne kamar nawa. Na sha jin malamai suna cewa wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin kayansa ko ba a tambaye shi ba. Na ji, na sani, amma na ɗauka wannan maganar masallaci ce, ita kuwa kara da tata hanyar. Da wannan ƙa'idar na gina gida, da ita na je Makka, kuma da ita na cuci wani yaro ɗan Gwiwa da bai taɓa yi mini komai ba sai gaisuwa. Abin da zan ba da labari ke nan.

Ɗan nan nawa shi ne na fari. A wajenmu mutum ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya wasa da shi, ba ya zama ya tambaye shi abin da ke damunsa. A ɗakin kakarsa ya tashi. In ina son sa, sai in ce "kai", ko in ce wa ƙanena ya gaya wa yaron nan kaza, alhali yaron yana tsaye a gabanmu. Uwarsa ma ta fi ni kunyarsa. Ba ƙiyayya ba ce, duk wanda ya tashi a cikinmu ya san haka. Amma dai sakamakon shi ne, har ya kai shekara goma sha bakwai ban taɓa yin hira da shi ba.

Yana makarantar kwana ta gwamnati, aji na ƙarshe. Ni kuwa na sayi a-kori-kura, na koyi tuƙi da kaina, ina zagaya kasuwanni: Babura, Kazaure, Roni, Gwiwa. Fari ya koro dabbobin mutanen Nijar suna araha, can kudu kuma ma'aikata sun samu ƙarin albashi kowa yana son nama. Duk hutu sai in ɗauke shi ya riƙa bi na, saboda shi ke karanta takardun malaman dabbobi da na 'yan sandan hanya, ni kuwa karatun yaƙi da jahilci kaɗai na yi. Mukan tashi daga Babura har Kazaure ba wanda ya ce uffan, sai kukan raguna a baya.

Wata rana na ga littafi a cinyarsa. Ban dube shi ba, gilashin gaba na duba, na ce me ke cikin wannan abin da aka ƙi ajiyewa. Ya ce labari ne. Na ce na wa. Ya ce na wani saurayi da ubansa ke so ya gaje shi a ƙira, shi kuwa yana so ya zama malamin asibiti. Na ce sai aka yi yaya. Kafin mu kai Achilafiya ya kai ni tsakiyar labarin, kuma ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon haka ba.

Ya ce malaminsu na adabi, wani Kirista mutumin kudancin Zariya, ya koya musu cewa duk labarin da suka ɗauka su fara neman igiyoyi biyun da ke jan matashin da ke ciki, ɗaya gaba ɗaya baya. Wannan maganar ta shige ni, domin haka muke tafiya da bijimi mai faɗa: igiya a ƙaho, igiya a ƙafar baya, mutum biyu suna ja. Na ce malamin nan ya taɓa zuwa kara. Yaron ya yi dariya, ya yi sauri ya rufe bakinsa.

Daga nan abin ya zama mana al'ada. Shi zai kawo matashin cikin littafi da igiyoyinsa, ni kuma in yanke hukunci kafin mu isa kasuwa. Akwai wanda ya je birni ya samu aiki yana jin kunyar a ga uwarsa da kayan ƙauye. Akwai yarinyar da aka ba amanar ƙannenta ga kuma damar karatu ta zo mata. Akwai wanda amininsa ya shiga ɓarayi. Duk na raba musu gardama, ɗaya bayan ɗaya. Na ce ɗan maƙeri ya koyi ƙirar da safe ya yi karatun da yamma, in tsohon ya mutu ya sayar da uwar maƙera. Na ce mai jin kunyar uwarsa a zane shi. Nakan ce masa wahalar mutanen littafin nan ɗaya ce, ba su da dillali. Da suna da wanda zai kama hannun wannan ya kama na wancan, da littafin bai wuce shafi uku ba. Shi kuma ya ce to Baba da malaminsu ya rasa aiki.

Ina jin daɗin abin ƙwarai. Ba da ni yake magana ba, ba da shi nake magana ba, maganar wasu mutane muke yi da ba su taɓa rayuwa ba, don haka babu kunya a ciki. Wannan ce kaɗai ƙofar da ke tsakanina da shi. Ban yi tunanin wata rana zai biyo ta da abin da ba na littafi ba.

Ga abin da ya faru a makarantarsu, wanda ban sani ba sai daga baya. Yana da aboki ɗan Gwiwa, ajinsu ɗaya, ɗakin kwanansu ɗaya. Na san yaron, ya taɓa yin hutu a gidana, dogo, mai yawan murmushi, in ya tsugunna gaishe ni sai na ce ya tashi. Mahaifinsa manomi ne mai kiwon raguna, ni nake sayar masa duk shekara kafin Layya. A duk danginsu yaron ne ya fara wuce firamare. Yana da dutsen guga na gawayi da ya zana harafin sunansa a jikin mariƙin. An hana ɗalibai guga a ɗakin akwatuna. Ana saura kwana kaɗan a tafi hutu, ɗana ya ɗauki dutsen ba tare da ya tambaya ba, lokacin mai shi yana filin ƙwallo, ya shiga ɗakin akwatunan ya goge rigarsa. Aka kaɗa ƙararrawar abinci, ya bar dutsen da garwashi a kan bargo ya fita. Ɗakin ya ƙone da kayan ɗalibai. Ba wanda ya ji rauni. A cikin toka aka tsinci dutsen, kowa kuma ya san mai shi. Ɗan Gwiwa ya rantse ba shi ba ne, bai kuma san wanda ya ɗauka ba. Aka dakatar da shi, aka ce bayan hutu kwamiti zai zauna a yanke ko za a kore shi. Wato duk tsawon hutun nan akwai sauran dama. Kalma ɗaya daga bakin ɗana za ta mayar da yaron ajinsa, ta kuma iya fitar da nawa, saura wata kaɗan jarrabawar ƙarshe.

A wannan hutun ɗana ya dawo ba ya cin abinci sosai. Ranar kasuwar Gwiwa ya ce kansa na ciwo, na tafi ni kaɗai. Ranar da za mu Roni ya shigo mota babu littafi a hannunsa. Mun wuce Kazaure, mun fara shiga duwatsu, sai ya ce akwai wani labari da suka karanta. Wasu samari biyu ne suke yi wa wani attajiri aiki. Ɗaya ya ɗauki fitilar ɗan'uwansa ba da saninsa ba, ya shiga rumbu, ya manta da ita, rumbun ya ƙone. Aka ga fitilar aka kama mai ita. Wanda ya yi laifin yana tsaye yana kallo. In ya yi magana za a kore shi, iyayensa kuma da shi suka dogara. In ya yi shiru za a kori wanda bai ji ba bai gani ba.

Na tambaye shi ko wani ya gan shi. Ya ce babu. Na ce shi attajirin ya tara su ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya? Ya ce a'a, tunda an ga fitilar ba a tambayi kowa ba.

Na ce, "To ai babu wani rikici a nan. An tambaye shi ya yi ƙarya? Ba a tambaye shi ba. Shi ya ce a kama wancan? Ba shi ya ce ba. Ya kama bakinsa, in ya samu hali nan gaba ya kyautata wa abokin. Wanda ya rubuta wannan neman tsawaita magana kawai yake yi."

Muka wuce wani garken awaki. Sannan ya ce, "Baba, ko da an kori abokin?"

Na ce, "Ko da an kore shi. Kowa da rabonsa."

Hankalina yana kan wata karsana da nake so in riga wani dillali gani. Na ma tambaye shi yadda labarin ya ƙare, ya ce ba su kai ƙarshe ba tukuna. Wanda yake gane dabbar da ke ɓoye ɗingishi tun daga nesa, ga ɗansa a gefensa, babu littafi a cinya, bai gane komai ba. Ko kuwa na gane wani abu na ƙi dubawa, wannan har yau ban iya rantsewa a kai ba.

Ya koma makaranta ya yi abin da na ce. Kwamiti ya zauna, aka kori ɗan Gwiwa.

Bayan 'yan makonni na haɗu da mahaifin yaron a kasuwarsu. Ya ja ni gefe bayan rumfar masu gishiri, ya ce akwai abin da ya ɓoye mini don kunya. Ya ba ni labarin gobarar da dutsen gugar. Ya ce abin da ya fi ƙona masa rai ba korar ba ce, taurin kan yaron ne, har yanzu ya ƙi amsa laifinsa. Ya ce ya doke shi, abin da bai yi ba tun yaron yana ƙarami, ya kuma daina cin abinci tare da shi. Yana magana ina jin fitila da rumbu suna dawo mini. Kafin ya rufe baki na san komai. Na ce masa Allah ya kyauta, na tambaye shi lafiyar ragunan.

Har zuwa nan ina iya cewa kuskure ne. Abin da ya biyo baya da sanina na yi shi.

Na tuƙa mota na je makarantar, abin da ban taɓa yi ba, ƙanena nake aikawa. Aka kira ɗana, ya zo ya tsugunna a gindin wata darbejiya kusa da ƙofa. Na ce labarin fitilar nan a wane littafi yake. Bai ɗago ba. Ya ce ba ya cikin littafi. Ya yi kuka, na kau da kai. Da ya natsu ya ce tun ranar da aka kori abokinsa ba ya iya karatu, kuma yana so ya je wajen shugaban makaranta yau, tunda ga ni na zo, in raka shi.

Na tsaya na auna abin yadda nake auna ciniki. Wancan an riga an kore shi. In wannan ya yi magana yanzu, mai yiwuwa a mayar da wancan, mai yiwuwa a ce an makara, amma shi tabbas za a kore shi, har da ƙarin laifin shirun da ya yi. Ana iya asarar biyu ke nan maimakon ɗaya. In kuwa aka jira ya rubuta jarrabawa sakamako ya fito, babu mai iya karɓe masa, sannan a je a faɗi gaskiya. Na ga hanyar da zan samu takardar ɗana in kuma samu sunan mai gaskiya, duka biyun.

Na ce masa, "Za a faɗa. Ni da kaina zan kai ka. Amma ba yanzu ba, sai ka gama."

Ya ce, "Baba, shi ma fa jarrabawar ce zai rubuta."

Na ce na sani. Na ce ya tashi ya koma aji. Ya tashi, domin ba a yi masa tarbiyyar musu da ni ba. Na miƙa masa ƙullin kilishi da na zo da shi, ya karɓa da hannu biyu.

Watannin da suka biyo baya na ci gaba da zuwa kasuwar Gwiwa kamar kullum. Ina ganin yaron, wani lokaci yana jan raguna a bayan mahaifinsa, ya rame, murmushin nan babu. Yana gani na zai tsugunna ya tambaye ni lafiyar abokinsa, ya ce in gaishe shi, Allah ya ba shi sa'ar jarrabawa. Ni kuma in ce zai ji. Wata rana na ji wani mai shayi ya ce da shi "mai guga", mutane suka yi dariya. Ina tsaye a wajen. Aka yi shuka, aka yi noma, gero ya fitar da kai. Ɗana ya rubuta jarrabawa ya dawo gida, ya ce ba ya son bin mota, gona zai riƙa zuwa. Ban hana shi ba.

Sakamako ya fito ana girbi. Ya ci, har da samun gurbi a babbar makaranta. Kwana biyu bayan takardar ta shigo hannuna na ce ya shirya mu je Gwiwa.

Muka samu tsohon, mahaifin abokin nasa, a zaure yana gyaran igiya. Ɗana ya durƙusa a bakin ƙofa. Ni na yi maganar, na kuma tsara ta da kyau, aikina ke nan. Na ce yaron nan ya zo mini da wata magana mai nauyi, na ga ba zan iya kwana da ita ba. Na faɗi yadda aka ɗauki dutsen, yadda aka bar shi a kan bargo. Na ce ɗansa bai yi ƙarya ba ko sau ɗaya. Ban faɗi lokacin da maganar ta zo mini ba.

Tsohon ya ajiye igiyar. Sai hawaye. Ya aika aka kira maƙwabtansa biyu da limamin unguwa, ya ce in maimaita a gabansu don a wanke masa ɗa. Na maimaita. Suka shiga yaba mini. Liman ya ce mutum nawa ne zai tako da ƙafarsa ya tona asirin ɗan cikinsa don a wanke ɗan wani. Ɗaya maƙwabcin ya ce dama an san Alhaji ba ya ƙarya ko a kara. Tsohon ya kama hannuna da hannayensa biyu yana ta godiya. Na zauna ina karɓa. A rayuwata ban taɓa jin yabo ya yi mini ɗaci kamar na ranar ba, amma ban ce su bari ba.

Ana cikin haka yaron ya shigo daga gona da damin gero a ka. Ya sauke, ya gaishe mu, mahaifinsa ya gaya masa da bakinsa, ya kuma nemi gafararsa a gaban mutane. Yaron ya saurara har ƙarshe. Ya dubi abokinsa ya ce shi ya gane, tsoro ne, kuma da shi ne ma bai san abin da zai yi ba. Sannan ya juyo wajena, yana tsugunne, cikin ladabi kamar yadda ya saba.

"Baba, kai yaushe ka sani?"

Na ce, "Tun kafin ruwan fari."

"Kafin jarrabawa ke nan."

"Kafin jarrabawa."

Ya ce to. Ya tashi ya ɗauki daminsa ya shige cikin gida. Tsohon ya saki hannuna a hankali. Liman ya duba rana ya ce lokacin salla ya gabato, maƙwabtan suka bi shi. Ɗana ne ya buɗe baki ya ce shi ya so ya faɗa tun a lokacin, sai dai bai ƙarasa ba, domin ƙarashen zai zama ƙarar ubansa. Na ƙarasa masa. Na ce ni na hana shi. Tsohon ya ce ya ji. Ya rako mu har bakin mota, saboda haka aka saba yi wa baƙo.

Washegari na je makarantar na faɗi komai. Shugaban ya ce ɗana dai ba abin da za su iya yi masa yanzu, ya riga ya fita hannunsu, abin da na sani tun farko. Shi kuwa ɗan Gwiwa, ajinsu ya tashi, sai dai ya rubuta jarrabawar daga waje baɗi, kuma za su aika masa da takardar wankewa. Na aika wa mahaifinsa cewa zan ɗauki nauyin komai, littattafai da malamin da zai yi masa bita. Amsa ta dawo cewa an gode, yaron ya ce ya bar karatu.

Takardar ta iso bayan 'yan makonni. A lokacin ya riga ya tafi Kano yana koyon tuƙin tirela. Da Turanci aka rubuta ta, don haka tsohon ya kawo ta kasuwa ya ba wani malamin firamare ya karanta masa ya fassara. Ina daga nesa kaɗan ina gani. Ya saurara, ya sa aka sake karanta masa wurin da aka ce ɗansa ba shi da laifi, ya ninke ta ya sa a aljihun gaba, ya koma wajen dabbobinsa.